Tsohon koren allo a wayar hannu: wa ya taɓa gwadawa?

Dan_Fagge: Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Kamfanin da nake aiki na raba kayan masarufi ne, kuma duk lissafin sito da bashin kwastomomi yana cikin wata tsohuwar manhaja a kan menfirem na IBM, wato babbar kwamfutar kamfani, tun kafin a ɗauke ni aiki, irin mai baƙin allo da koren rubutu ɗin nan, ba hoto ba komai sai kibod. To yanzu oga ya ce ya gaji, yaranmu masu zagaya kasuwannin Singa da Dawanau kullum sai sun kira ofis a duba musu ko katan nawa ya rage ko nawa ake bin wane, yana so su riƙa dubawa da kansu a waya. Wani kamfani ya zo ya nuna mana, mutumin ya buɗe Chrome a wayarsa ya sa adireshi sai ga allonmu ya fito ɗin nan, oga har da tafi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai wanda ya taɓa aiki da irin wannan a zahiri, ba a ɗakin taro ba?

injiniya_zos: Wa alaikumus salam. Kafin komai wane inji ne takamaimai? In ka kunna allon shiga me kake gani a sama?

Dan_Fagge: Sign On yake rubutawa, sai System da Subsystem QINTER. Tsofaffin ma'aikata AS400 suke ce masa.

injiniya_zos: To ba menfirem ba ne ƙanina, AS/400 ne. IBM ta fito da shi a 1988, aka yi ta canja masa suna, iSeries, System i, yanzu IBM i ake cewa. Matsakaicin inji ne. Menfirem na ainihi shi ne zuriyar System/360 ta 1964 wanda yau ake kira IBM Z, shi nake kula da shi a wani kamfanin inshora a nan Jamus. Bambancin yana da amfani gare ka don yaren da allonku yake yi da injin ana ce masa 5250, namu na menfirem 3270, kada a sayar maka da abin da ba naka ba. Amma yadda ake kai su waya kusan ɗaya ne. Akwai wata saba, wato kwamfuta mai yi wa wasu hidima, da za a ajiye a tsakiya, ita za ta yi magana da injin da yarensa kamar ita ce tsohuwar tamina, wato allo da kibod ɗin da ake jona wa injin, sannan ta juya allon ta mayar da shi shafin yanar gizo ta tura wa burawza. Wayar ba ta san da wani AS/400 ba, shafi kawai take gani.

Baba_Kwamfuta: Injiniya ka bar yaro da maganarsa, mu ma a zamaninmu duk injin da ya cika ɗaki ake sa masa iyakwandishan menfirem muke ce masa. Koren allo dai koren allo ne.

Maman_Hanif_dev: Dan_Fagge yana aiki, na taɓa haɗa irinsa, amma ka yi wannan lissafin tukuna. Allon nan layi 24 ne, kowane layi harafi 80, wato gurbi 1,920, wasu allunan 5250 ma layi 27 ne harafi 132. An tsara shi ne don mutum yana zaune gaban tebur. Ka matse harafi 80 a faɗin wayar inci shida a tsaye, rubutun zai koma kamar ƙwayar gero, ka kwantar da wayar kuma da ka taɓa gurbin rubutu kibod zai taso ya cinye fiye da rabin allon, abin da kake cikewa ma ba ka ganinsa. Sannan F3 da F4 da F12 da Field Exit duk babu su a kibod ɗin Android, sai dai manhajar ta zana maka su a gefe su ƙara cin wuri. Wanda ya nuna muku ɗin allo nawa ya shiga? Na tabbata menu kawai ya buɗe.

Dan_Fagge: Wallahi Hajiya kamar kina wurin, menu ya buɗe sai allon duba kaya guda ɗaya, bai shigar da komai ba.

sadauki_404: Ni fa ban ga dalilin wahalar nan ba. Ku kwashe bayanan ku zuba a sabon tsari ku jefar da tsohon inji kawai, 2025 ta wuce ana maganar koren allo.

injiniya_zos: sadauki_404 faɗa ta fi yi sauƙi. Bayanai ba su ne wahalar ba, dokokin kasuwancin da aka binne cikin shirin shekara da shekaru su ne. Wane kwastoma ake yi wa ragi, yaushe ake tsayar da bashi, ya ake lissafin kayan da aka dawo da su, yawanci ba a rubuta su a ko'ina ba sai cikin RPG ko COBOL ɗin, tsofaffin yarukan da aka rubuta shirin da su, wanda ya rubuta kuma ya yi ritaya. Ka tuna Afrilun 2020 lokacin korona gwamnan New Jersey na lokacin, Phil Murphy, ya fito yana neman masu iya COBOL saboda tsarin biyan marasa aikin yi ya yi nauyi, a Amurka fa, ba don ba su da kuɗin sabon inji ba. Kuma injin bai tsufa yadda kake zato ba, IBM ta fito da menfirem z16 a 2022, z17 a 2025. Shirin da ke kai ne tsoho.

sadauki_404: Na ji Oga, amma wannan ai shi ne dalilin da ya sa ya kamata a fara fita tun yanzu kafin sauran masu iyawar su ƙare. Sa shi a waya ƙara ɗaure kai ne.

Agent_Zoo_Road: Ku bari in sa baki duk da ni ba ɗan kwamfuta ba ne, tikitin jirgi nake yankawa. Mu ma irin allon nan muka gada. In ina neman kujera Kano zuwa Jidda ran 15 ga Maris a Amadeus, tsarin da muke yanka tikiti da shi, AN15MARKANJED kawai zan buga, kafin mai danna hotuna ya gama zaɓar gari ni na gama. Yanzu a burawza muke buɗe shi, an sa hotuna da komai amma duk tsohon ejan shafin umarnin yake komawa. Na sha buɗewa a waya lokacin Umarar azumi in fasinja ya kira ni da dare jirginsa ya canja, yana fitar da ni kunya, amma ba zan taɓa yanka tikiti a waya ba, harafi ɗaya ka kuskure a sunan fasinja ka jawo wa kanka asara. Dubawa a waya, aiki a kwamfuta, haka nake yi.

injiniya_zos: Alhaji misalinka ya yi daidai, tsarin jiragen sama a kan menfirem aka haife shi, Sabre ma, wani tsarin tikiti irin Amadeus, IBM ce ta gina shi da American Airlines. Amadeus sun sauka daga menfirem ɗinsu tuni amma umarnin ya zauna saboda hannun ejan ya saba.

Hauwa_Sec: Duk kuna maganar girman allo ba wanda ya taɓo abin da ya fi tayar min da hankali. Dan_Fagge, allon nan a kan telnet yake tafiya, tsohuwar hanyar shiga inji daga nesa, ta ƙofar netwok mai lamba 23, kuma telnet ba ya ɓoye komai, sunan shiga da kalmar sirri a fili suke wucewa. A cikin ofis an daɗe ana haƙuri da haka. Ranar da wani ya ce a buɗe ƙofar nan ta fuskanci intanet don yara su shiga daga kasuwa, dan Allah ka ƙi, ko da oga ne. Tsakanin sabar tsakiya da injin a sa TLS mai ɓoye abin da ke wucewa, ƙofa 992 aka saba, tsakanin waya da sabar kuma HTTPS da mataki na biyu na tantancewa, in da hali a bayan VPN. Abu na biyu, yaron da kake ba wa koren allo ba allon duba kaya kawai ka ba shi ba, duk abin da sunansa ke da izini ka ba shi, in akwai layin umarni a ƙasan menu zai iya buga abin da ya ga dama. Ka duba kowane suna ko an taƙaita shi. Na uku, waya ana sace ta a kasuwa, ana ara wa ƙani, burawza kuma tana ajiye kalmar sirri.

Dan_Fagge: Hauwa_Sec kin taɓo inda yake min ciwo, mutum shida ne a sito suke shiga da suna ɗaya, kalmar sirrin tana manne jikin allo a takarda.

Hauwa_Sec: To ka fara da wannan kafin waya. Kowa sunansa.

Baba_Kwamfuta: Ina karanta ku ina tuna abubuwa. Wani abu da yaran yanzu ba su sani ba, allon nan an yi shi ne don layi marar ƙarfi. Ba kowane harafi da ka danna yake tafiya wurin inji ba, kana cike gurabenka duka a nan gabanka, sai ka danna Enter ko ɗaya daga cikin F ɗin sannan a tura abin da ka canja a dunƙule, inji ya amsa da sabon allo. Mun yi aiki da reshe a wani gari a kan layin tarho wanda yau ko hoto ɗaya ba zai buɗe ba, kuma ma'aikata ba sa jira. Don haka ta fuskar data ba abin da ya dace da sabis ɗin kasuwa kamarsa, allo guda bai fi ɗan kilobait biyu ba. In kun ga yana nauyi a waya to kayan adon da aka lafta wa shafin ne, ba injin ba.

Maman_Hanif_dev: Gaskiya ne Baba, amma akwai inda sabis ɗin yake cizo. Ba yawan data ba ne, yankewa ne. Tsohuwar tamina tana ɗaure da igiya ɗaya daga safe har yamma, injin yana ɗauka kana nan. Wayar hannu kuwa kira ya shigo, ko mutum ya leƙa WhatsApp, ko ta sauka daga 4G zuwa 3G, ko Android ta kwantar da burawza don tattalin batir, sai igiyar ta tsinke. Tambayar da za ka yi wa masu sayarwar nan ita ce in waya ta ɓace na minti biyu, sabar tsakiya tana riƙe zaman har mutum ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya, ko sakinsa take yi? In saki take yi yana tsakiyar gyara oda, odar nan za ta iya zama a kulle, na ofis ya zo buɗewa a ce wani yana ciki.

injiniya_zos: Mu ma muna shan wannan a TSO, inda muke shiga menfirem, ka yanke ka dawo ya ce sunanka yana kan aiki, sai ka nemi a sake haɗa ka. A naku Dan_Fagge ka duba QDEVRCYACN da QDSCJOBITV da QINACTITV, su ne ke faɗa wa injin abin da zai yi da aikin da na'urarsa ta ɓace da tsawon lokacin da zai jira. Ni da dare in aka tashe ni wani aiki ya faɗi, a waya nake leƙawa ta burawza in karanta saƙon kuskuren, in abin sake tayarwa ne kawai in yi daga gado, in gyara ne sai na tashi na buɗe laftof. Ga irina abin alheri ne. Ga mai sayar da kaya a tsaye cikin rana kwastoma yana jiransa, ban sani ba.

Issoufou_Maradi: Sannunku da hira. Tambaya gare ni a gefe, sunayen mutane fa? Mu nan da Faransanci muke rubutu, na taɓa ganin tsohon tsari da é yake komawa wata alama daban in an buɗe ta wata manhaja. Ƙ da ɗ da ɓ namu za su shiga?

injiniya_zos: Malam Issoufou injinan nan ba ASCII, tsarin haruffan da sauran kwamfutoci suka saba, suke ajiye rubutu da shi ba, wani tsari ne na IBM mai suna EBCDIC, kuma kowace ƙasa da teburinta, 037 na Amurka, 297 na Faransa, 273 na nan Jamus. In sabar tsakiya ta ɗauki tebur ɗaya injin yana kan wani, shi ne kake ganin é ta rikiɗe. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa babu su a ko ɗaya cikin waɗannan. A tsohon kibod ba mai iya buga su don haka matsalar ba ta taɓa tasowa ba, amma a waya mai kibod ɗin Hausa yaro zai rubuta Ɗanladi da ƙugiyarsa, sai dai manhajar ta ƙi karɓa ko ta sa wata alama, gobe a nemi kwastoma a rasa. Ƙaramin abu ne amma a gwada shi.

ummi_coder: Dan Allah ku yi haƙuri zan karkatar da zancen kaɗan, ni ɗaliba ce, a ina mutum zai taɓa irin injinan nan ya koya? Ko a makaranta ba a taɓa nuna mana ba.

injiniya_zos: Ƙanwata hanya uku. IBM Z Xplore kyauta ne, za su ba ki suna a menfirem na gaske ki yi darussa. PUB400 kuma IBM i ne da ake bari jama'a su shiga kyauta, irin na su Dan_Fagge. In kina son naki na kanki ki sauke Hercules, yana kwaikwayon menfirem a laftof, ki ɗora masa MVS 3.8j, tsohuwar babbar manhajar menfirem, akwai haɗin da ake kira TK5 da an riga an shirya komai, sai ki shiga da manhajar allo x3270. Har a 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi yana tashi. Ki leƙa Zowe ma, buɗaɗɗen aiki ne da aka fara a 2018 ƙarƙashin Open Mainframe Project, a cikinsa akwai allon 3270 da ke buɗewa a burawza, za ki ga ainihin abin da muke magana a kai.

ummi_coder: Na gode sosai Yaya, Allah ya ƙara ilimi.

sadauki_404: Mu nan gida ma ina aikin yake? Manhajojin bankunanmu Finacle ne da Flexcube da T24, ban ga inda za ta yi amfani da COBOL ba.

Maman_Hanif_dev: Aiki ba sai a unguwarku ba sadauki, bar ta ta koya. Mu koma kan Dan_Fagge. Ni a ganina hanyoyi uku ne kuma masu sayarwa suna son cakuɗa su. Ta farko a kawo koren allon yadda yake cikin burawza, ita aka nuna muku. Da can da Java ake yinta, irin su Host On-Demand, to Chrome ya daina ɗaukar wannan tun 2015, waya kuwa dama ba ta taɓa ɗauka ba, shi ya sa duk suka koma HTML5 da WebSocket. Ta biyu a sa manhaja ta karanta allon ta sake zana shi da maɓallai da jerin zaɓi, irin aikin HATS na IBM, ya fi kyau a ido amma a ƙasa allon nan ne dai, ranar da wani ya matsar da gurbi ɗaya a tsohon shirin sai shafin ya rikice. Ta uku a ƙyale allon gaba ɗaya a tambayi injin kai tsaye. Bayananku suna cikin rumbun bayanai na Db2, ana karanta su da SQL, kuma IBM i yana da Integrated Web Services da ke mayar da shirin RPG ya zama API, wato hanyar da wata manhaja za ta tambaye shi kai tsaye, a ɓangaren su injiniya z/OS Connect ke wannan aikin. Yaranka tambaya biyu suke yi, katan nawa ya rage, nawa ake bin wane. Shafi ɗaya mai gurbi ɗaya da babban maɓalli ya ishe su, karatu kawai ba rubutu.

injiniya_zos: Na yarda da Hajiya a kan karatu. Inda zan ja kunne shi ne ranar da oga ya ce to su fara shigar da oda ma, kuma zai ce. Kada a rubuta kai tsaye cikin teburan, duk binciken da shirin yake yi kafin ya karɓi oda za a tsallake shi. Tsofaffin shirye-shiryen kuma allo da lissafi a cuɗe suke wuri ɗaya, raba su aiki ne na mai iya RPG, ba na sati ɗaya ba. A nan ne hanya ta biyu take da ranarta duk da raunin da ta faɗa.

Dan_Fagge: Jama'a na dawo da rahoto. Na roƙi masu sayarwar suka ba mu gwaji, jiya na bi ɗaya daga cikin yaranmu Singa da wayarsa. Abin da ya faru, wajen shiga kibod ya gyara masa sunan shiga da kansa ya ƙara tazara a ƙarshe, bai lura ba, sau uku yana gwadawa injin ya rufe sunan, sai da na kira ofis aka buɗe. Da muka shiga, a cikin rumfa rubutun yana karantuwa in ya ware yatsu ya ƙara girma, da muka fito rana koren nan a kan baƙi ko alama ba a gani sai ya kare da hannu. Lambar kaya kuma kibod ya mayar masa da ita wata kalma. Amma fa da ya gano inda F3 take ya duba kaya bakwai a jere ba tare da ya kira kowa ba, kuma saurin ya ba ni mamaki, Baba_Kwamfuta ka yi gaskiya, sanda ɗaya ta sabis ce amma allo yana zuwa nan take. Kira ya shigo sau ɗaya, da ya gama ya koma ya tarar da allonsa yana nan. Shi yaron cewa ya yi a bar masa haka ya fi kiran ofis.

Baba_Kwamfuta: Ka ji ko. Ku ba yaran sati biyu hannunsu zai faɗa, mu ma ba da shi aka haife mu ba. A canja launin ya zama baƙin rubutu a kan fari saboda rana, a kashe gyaran rubutun kibod, shi ke nan.

Hauwa_Sec: Baba ba shi ke nan ba tukuna. Dan_Fagge da wane suna ya shiga, nasa ko na siton nan na mutum shida? Kuma gwajin ta ina ya bi ya isa injinku, sabar tana ofishinku ko tana wurin masu sayarwar?

Dan_Fagge: Sabon suna na buɗe masa mai menu ɗaya ba layin umarni. Sabar kuwa gaskiya a wurinsu take, mai kula da netwok ɗinmu ne ya buɗe musu hanya, ban tambaye shi ta wace ƙofa ba. Gobe da safe zan same shi.

Maman_Hanif_dev: Ka tambaye su kuma lasin ɗin da kan mutum ake biya ko da yawan masu shiga lokaci ɗaya, kuma da dala ne ko da naira, duk shekara ko sau ɗaya. Ka kwatanta da kuɗin wanda zai rubuta muku ɗan shafin nan na tambaya biyu. Ni har yanzu ina kan ta uku.

Agent_Zoo_Road: Ni kuma ina tare da yaron, wanda ya saba da umarni ba ya son a ɓoye masa shi a bayan hoto. Yara nawa ne ma za su riƙa shiga?

Dan_Fagge: Goma sha huɗu ne yanzu Alhaji, in an buɗe reshen Gusau za su ƙaru. injiniya_zos in na samo amsar ƙofar zan turo maka abin da na gani a QDEVRCYACN ɗin ka duba min, ban gane ƙimar da ke ciki ba.